Yadda Ɗan Kasuwa Zai Auna Mai Masaukin Shafinsa Na Intanet

Tun zamanin da fatake ke tashi daga Kano su nufi Gwanja neman goro, ba a san falke ya shiga baƙon gari ya zube kayansa a bakin hanya ba. Sai ya nemi mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya kuma kawo masa masu saye. In mai masaukin amintacce ne, tafiya ta yi kyau. In kuwa macuci ne, ko mai sakaci, to, falke ya koma gida hannu rabbana. Abin da ya sa ke nan mutanen da can ba su sauka gidan mutum sai sun tambayi labarinsa wurin waɗanda suka riga su sauka.

A yau ƙananan 'yan kasuwa da yawa a ƙasar nan, tun daga masu sayar da atamfa a Kantin Kwari har masu ɗinkin takalma a kasuwar Ariaria ta Aba, da masu ƙananan otal, da masu makarantun kuɗi, sun soma buɗe wa sana'arsu shafi a intanet. Shi ma shafin nan sai da mai masauki. An shirya wannan ɗan littafi ne domin a bayyana wa jama'a abin da ya kamata su bincika kafin su miƙa kuɗinsu ga wani kamfani na cikin gida mai ba da hayar masaukin shafi. Ba a nufin a yabi wani kamfani ko a kushe wani. Nufin shi ne mai karatu ya san tambayoyin da zai yi, ya kuma san ma'anar amsar da za a ba shi.

Abu uku ne, ko da rasit ɗaya aka ba ka

Shafin intanet ba a cikin iska yake ba. Rubuce-rubuce da hotunan da ke cikinsa suna ajiye ne a wata babbar kwamfuta wadda ba a kashe ta dare da rana, wadda ake kira uwar garke. Duk sa'ad da mai saye ya buga adireshin shafinka a wayarsa, wayar tana aika saƙo ne ga wannan kwamfuta, ita kuma ta turo masa abin da ya nema. Kamfanin masauki shi ne mai kwamfutar, ko wanda ya yi hayarta, yana yanka maka ɗan wuri a ciki, kana biya wata-wata ko shekara-shekara. Galibin ƙananan shafuka zaman gidan haya suke yi, watau ɗaruruwansu a kwamfuta guda. Wannan shi ne mafi araha, kuma ya ishi ƙaramin ɗan kasuwa, sai dai ran da wani maƙwabci ya jawo cunkoso, kowa zai ji a jikinsa.

Lalle ne a rarrabe abubuwa uku. Na farko suna, watau adireshin da jama'a ke bugawa su same ka. Na biyu wurin da aka yi haya. Na uku kayan da ke ciki: rubutu, hotuna, wasiƙun imel, da jerin masu saye da abin da suka saya. Wurin na kamfani ne, haya ka yi. Amma suna da kaya naka ne, kuma duk mai masaukin da ba zai bar ka ka fita da su ba ran da ka ga dama, bai cancanci a sauka gidansa ba, komai arahar kuɗinsa. In da za a ce mai karatu ya riƙe magana ɗaya tak daga littafin nan, to, ita ce wannan.

Da sunan wa aka yi rajista?

A nan ne aka fi cutar mutane, sau da yawa ma ba da gangan ba. A ce wata mai sayar da turaren wuta a Maiduguri ta ba wani saurayi kuɗi ya gina mata shafi. Domin a gama aiki da wuri, sai ya yi rajistar sunan shafin da imel ɗinsa da lambar wayarsa. An buga adireshin a kwalabe, da leda, da allon shago, masu saye daga Abuja da Fatakwal sun saba da shi. Bayan shekara biyu saurayin ya tafi bautar ƙasa, ko ya canza lamba, ko kuma wani saɓani ya shiga tsakaninsu. Lokacin sabunta rajista ya zo, wasiƙun tuni suna ta zuwa akwatin da ba na mai shago ba, har wa'adi ya ƙare. A idon masu rajista, wanda sunansa ke cikin littafi shi ne mai abu, ba wadda ta biya ba. In kuwa aka bar suna ya faɗi har kwanakin rangwame suka wuce, kowa na iya saye, kuma akwai mutanen da ba su da wata sana'a sai jiran irin waɗannan sunaye, su saye su sake sayar wa masu su da tsada.

Sunayen da suka ƙare da .ng, kamar .com.ng da .org.ng, ƙungiyar NiRA wadda aka kafa a 2005 ita ce ke kula da rajistarsu. Tana aiki ne ta hannun kamfanonin da ta amince da su, kuma tana bayyana sunayensu a shafinta domin kowa ya duba. Saboda haka in kamfani ya ce shi mai rajista ne, ba sai an yi gardama ba, a je a duba. In babu sunansa, to, dillali ne na wani. Dillanci ba laifi ba ne, amma ka tambaye shi ta hannun wa yake bi.

Shaidar cewa sunan naka ne guda uku ce. Ka ga sunanka ko na kasuwancinka a matsayin mai rajista. Ka riƙe kalmar sirrin shiga asusun da kanka. Kuma kamfanin ya yarda zai ba ka lambar sirrin ƙaura, wadda da ita ake ɗauke suna daga wannan kamfani zuwa wancan, ba tare da ya ɗora maka wani haraji ba. A yi hattara da abin da ake kira sunan kyauta wanda ake haɗawa da kuɗin masauki. Kyautar shekara ɗaya ce, kuma ya kamata ka ji tun yanzu abin da za a nema daga gare ka in ka tashi tafiya da shi. Wani ƙaramin abu kuma da akan manta: kada imel ɗin da ka bayar wajen rajista ya zama na kan wannan sunan. Ran da sunan ya faɗi, imel ɗin ma ya faɗi tare da shi, sai ka zama kamar wanda ya kulle mabuɗi a cikin ɗaki.

Ina kayan ke kwana?

Kasancewar ofishin kamfani a Ikko ko Kaduna ba ya nufin uwar garkensa tana Nijeriya. Akwai kamfanonin da ke da kwamfutocinsu a cibiyoyin ajiyar bayanai na ƙasar nan, waɗanda mafi yawansu a Ikko suke, wasu kuma a Abuja. Akwai masu hayar kwamfuta a Jamus, ko Ingila, ko Amurka, suna sayar da wuri da naira. Akwai kuma waɗanda sari kawai suke yi daga wani babban kamfani, ba su taɓa ganin kwamfutar da idonsu ba, kuma in ta lalace su ma jira za su yi kamar kai. Kowanne na iya yin aiki mai kyau. Abin ƙi shi ne ɓoyewa. Ka tambaya a fili, a wane gari kuma a wace cibiya shafina zai zauna? Wanda ya soma kame-kame a kan wannan ya riga ya ba ka amsa.

Amfanin zaman kaya a cikin gida yana da fuska biyu. Ta farko sauri. Saƙo yana tafiya a cikin wayar zaren gilashi wajen kilomita 200,000 a sakan ɗaya. Wayar ƙarƙashin teku ta MainOne, wadda ta soma aiki a 2010, tsawonta daga Fotugal zuwa Ikko wajen kilomita 7,000 ne, zuwa da dawowa ke nan kilomita 14,000, watau kashi 7 cikin 100 na sakan tun ba a lissafa sauran hanya ba. Ga alama ba wani abu ba ne, amma kafin shafi ɗaya ya buɗe akan yi wannan kai-da-komo sau da yawa. Domin rage irin wannan zagaye ne aka kafa mahaɗar intanet ta ƙasa, IXPN, a Ikko a 2006, daga baya ta yi rassa a Abuja, Fatakwal, Inugu da Kano. A wannan mahaɗa kamfanonin sadarwa ke musayar saƙonni a tsakaninsu, ba sai saƙon Zariya zuwa Ikko ya bi ta London ba. Sai ka tambayi mai masauki ko cibiyarsa tana haɗe da ita. Gaskiya kuwa, a ganinmu, ana yawan zuzuta maganar nisa. Hoton leshi guda da aka ɗora yadda ya fito daga kamara, ba a rage masa nauyi ba, ya fi nisan Turai jinkirta shafi a wayar mai saye, ya kuma cinye masa data.

Fuska ta biyu ta fi nauyi. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS, ACE, MainOne da SAT-3, suka yanke a gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ta yi rauni ƙwarai a ƙasashen Afirka ta Yamma, harkokin wasu bankuna a Nijeriya suka tsaya cik, kuma sai da aka yi makonni ana gyara. A irin wannan rana, shafin da ke zaune a cikin ƙasa, wanda hanyarsa ba ta bi ta teku ba, ya fi kusa da masu saye na gida. Amma wanda yawancin masu sayensa a ƙetare suke, kamar mai fitar da kayan fata ko zoɓo, ba abin da zai rasa in kwamfutar tana Turai.

Sai maganar wuta, wadda ba sai an yi wa ɗan Nijeriya dogon bayani ba. A 2024 kaɗai babban layin wutar lantarki na ƙasa ya faɗi sau da dama. Cibiyar kirki tana da janareta fiye da ɗaya, da batura masu riƙe wuta kafin janareta ya tashi, da na'urorin sanyaya ɗaki. Wata cibiya a Amurka, Uptime Institute, tana ba da shaida mataki huɗu a kan haka, kuma mataki na 3 na nufin ana iya gyaran kowace na'ura ba tare da an kashe kwamfutoci ba. Sai dai a lura, shaidar ta gini ce. Ba ta ce komai ba game da halin wanda ya yi hayar lungu a cikin ginin.

Naira da dala

Babban abin da ke jan mutane zuwa ga kamfanin gida shi ne biya da naira, ta banki, ba tare da wahalar neman dala ba. Wannan amfani ne na gaske. Waɗanda ke biyan kamfanonin waje sun ɗanɗana kuɗarsu a 2022, sa'ad da bankuna suka rage abin da katin naira zai iya saye a ƙetare zuwa dala 20 a wata, wasu ma suka dakatar da shi ɗungum har wani lokaci. Amma kada a ɗauka farashin naira ba ya motsi. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Kamfanin da ke hayar kwamfuta a ƙetare da dala yake biya, haka lasisin manhajoji irin su cPanel, haka ma sunayen da suka ƙare da .com. Tilas ƙarin ya iso gare ka. Sunan .ng kuwa da naira ake yanke kuɗinsa tun daga tushe.

Saboda haka kada ka tsaya a kan kuɗin shekarar farko, wanda sau da yawa tarko ne na talla. Ka tambayi kuɗin sabuntawa, da kwanakin sanarwar da za a ba ka kafin a yi ƙari, da ko an haɗa haraji a ciki. Kalmar nan ta “ba iyaka” da ake rubutawa a kan girman wuri, ita ma a karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashinta, domin babu kwamfutar da ba ta cika. Kuma kada ka biya kuɗin shekara uku a dunƙule ga wanda ba ka gwada ba, ko da an yi maka rangwame.

Alkawarin kashi 99

Kusan kowane kamfani zai ce shafinka zai kasance a buɗe kashi 99 da wani abu cikin 100 na lokaci. Sai a yi lissafi. Shekara tana da awa 8,760. Kashi 99.9 na nufin shafi zai iya rufewa kusan awa 9 a shekara. Kashi 99.5 kusan kwana 2 ne. Kashi 99 cif kuwa ya haura kwana 3 da rabi, kuma ba wanda ya ce ba za su faɗo a makon jajiberin Salla ko na Kirsimeti ba. Abin tambaya shi ne, in ba a cika alkawarin ba, me za a biya ka, kuma an rubuta shi a yarjejeniya? Akwai ma'aikatu a intanet masu leƙa shafi kyauta bayan kowane 'yan mintoci, su aiko maka saƙo in ya rufe. Ka sa ɗaya daga cikinsu tun ranar farko, domin ka sami lissafin kanka.

Kwafin ajiya

A daren 10 ga Maris, 2021, gobara ta tashi a cibiyar kamfanin OVH da ke Strasbourg a Faransa, ɗaya daga cikin manyan masu masauki na Turai. Gini guda ya ƙone ƙurmus, miliyoyin shafuka suka ɗauke. Waɗanda suka fi shiga uku su ne waɗanda kwafin ajiyarsu ke cikin harabar da ta ƙone, watau kaya da madadinsu suka tafi tare. In haka ta faru a Faransa, ba wanda zai ce ba za ta faru a ko'ina ba, balle kuma ɓarayin intanet, ko kuskuren yaron shago da ya goge abin da bai kamata ba.

Don haka ka nemi sanin sau nawa ake ɗaukar kwafi, kullum ne ko mako-mako. Kwana nawa ake riƙe shi. A wane wuri dabam ake ajiye shi. Kuma ko ana biyan kuɗi kafin a maido maka. Da yawa daga cikin kamfanoni sun rubuta a sharuɗɗansu cewa kwafin da suke ɗauka alfarma ce, alhakin kaya yana wuyan mai su. To, tun da haka ne, kai ma ka riƙa sauke cikakken kwafi aƙalla sau ɗaya a wata, ka adana a wani wuri da ke hannunka. Sa'an nan ka sa a gwada maido da shi ko sau ɗaya, domin an sha buɗe kwafi ranar buƙata a tarar ba kome a ciki.

Tsaro, imel da doka

Ɗan kwaɗon nan ko makamancinsa da ke nuna cewa an suturta saƙo tsakanin shafi da mai saye ya zama tilas, domin tun Yulin 2018 manhajar Chrome ke yi wa shafin da ba shi da wannan shaida tambarin rashin tsaro. Ƙungiyar Let's Encrypt tana ba da shaidar kyauta tun 2015, saboda haka ba dalilin da zai sa a caji ƙaramin shago kuɗi mai yawa a kanta. Game da imel kuma, tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta sharaɗin tantance mai aiko wasiƙa. Ka sa a aika wasiƙar gwaji daga sabon adireshinka, ka gani ko ta isa ko ta faɗa kwandon shara.

Duk wanda ke karɓar suna, da lambar waya, da adireshin gidan masu saye ya sani cewa Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta hau kansa. Dokar ta ɗora wa mai kasuwanci alhakin tabbatar da cewa wanda ya ba ajiyar bayanan yana kiyaye su, bisa yarjejeniya a rubuce. In aka sace bayanai ta yadda za a iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin awa 72 da sanin abin. Ba za ka iya cika wannan ba sai mai masauki ya sanar da kai da wuri, don haka a sa shi cikin yarjejeniya. Dokar ta kuma gindaya sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙetare, wani dalili ke nan na sanin inda kwamfutar take.

Gwaji kafin biya

Ka nemi lambar rajistar kamfanin, ka duba ta a shafin hukumar yi wa kamfanoni rajista, CAC. Binciken suna kyauta ne. Ka biya cikin asusun banki mai sunan kamfanin, ba na wani mutum ba, ka kuma karɓi rasit. Ka aika musu tambaya da daren Asabar, ka ga ko za a amsa, da wa zai amsa, da ko zai yi maka bayani da harshen da kake ganewa ba tare da ya raina ka ba. Wannan shi ne ainihin abin da kamfanin gida ya fi na waje da shi, cewa akwai mutum da za ka kira a lokacinku ɗaya, ko ma ka taka zuwa ofishinsa. In babu wannan, saura kaɗan ne. Yabon da kamfani ya jera a shafinsa kuwa ba shaida ba ne. Ka nemi shafuka biyu ko uku da ke zaune wurinsa, ka buɗe su da wayarka a layuka dabam-dabam, safe da dare, sa'an nan ka kira masu su ka tambaye su abin da ya faru ranar da shafinsu ya taɓa ɗaukewa.

In an cuce ka, ka soma da rubuta wa kamfanin, ka adana kwafin wasiƙar. In ba a saurare ka ba, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda aka kafa bisa dokar 2018, kuma in rigimar ta shafi sunan .ng ce, sai a kai kuka ga NiRA.

Ran da ka ƙudura tashi kuwa, ka soma shiri wata guda kafin kuɗinka ya ƙare. Ka sauke kwafin kome, har da tsofaffin wasiƙun imel, waɗanda su aka fi mantawa. Ka ɗora a sabon masauki, ka tabbata yana aiki, sa'an nan a juya sunan ya fuskanci sabon wuri. Juyin yakan ɗauki daga 'yan awoyi zuwa kwana biyu kafin ya game ko'ina, kuma a tsakanin nan wasu masu saye za su ci gaba da isa tsohon wurin. Sai bayan mako guda, in ka ga oda da wasiƙu duk suna shigowa ta sabuwar hanya, za ka rubuta wa tsohon mai masauki ya rufe asusun, ya kuma goge bayanan masu sayenka da suka rage a wurinsa.